Akwatin Hoton Baba: A Sake Ko A Gyara?

 Yau ba zancen girki ko renon jariri na zo muku da shi ba. Wata 'yar gardama ce ta taso a gidanmu a nan Kinkinau, tsakanina da autata, a kan akwatin ɗaukar hoto, watau kyamara. Kada wata ta ce, “Ina ruwan matar aure da kyamara?” Ke dai saurara, 'yar'uwa. Ƙarshen zancen a kan kuɗin adashi ya sauka, wannan kuwa na san ya shafe mu duka.

Asalin abin shi ne, a daminar 2023 wayata ta suɓuce daga ƙugun zanena ta faɗa cikin bahon wanki. Ban lura ba sai da na zo ɗauraya. Mai gyara ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta ƙi tashi. Ba wayar ce ta dame ni ba, gama Maigida ya sake mini wata kafin wata ya ƙare. Abin da ya tafi da ita shi ya hana ni barci. Hotunan shekara huɗu ke ciki, da na sunan jikokina biyu, da na ƙarshe da na ɗauki Yayata, wadda ta rasu a farkon wannan shekara, Allah ya jiƙanta. Ko ɗaya ban taɓa kai wa an wanke mini ba. Kullum sai in ce gobe.

Da Inna, mahaifiyata, ta ga na kwana biyu ina jimami, sai ta ce, “Ke, jeki ki jawo mini adakata daga ƙarƙashin gado.” Inna tana zaune tare da mu tun rasuwar Baba. Shekarunta sun haura tamanin, idonta kuma ya soma yana. Na jawo adaka muka buɗe. A ƙarƙashin tsofaffin zannuwa sai ga albam biyu, da gwangwanin biskit cike da nagatif, da kyamarorin Baba guda uku, kowace an naɗe ta da tsumman atamfa. Inna ta lalubo wani hoto ta miƙo mini. Ita ce tana amarya a 1959, shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta. Baƙi da fari ne, amma har kitson da ke leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali ana iya ƙirga shi. Ta ce, “Wannan ya ga ƙaura uku, ya ga yoyon ɗaki, bai ɓace ba. Naki kuwa ruwan sabulu ya cinye.” Ban sami abin cewa ba.

Bari in bayyana muku kyamarorin nan uku, domin a cikin tarihinsu na sami rabin amsar da na ke nema daga baya.

Baba akawu ne a reluwe, mutum ne mai son hoto ƙwarai. Ta farkonsa ita ce Kodak Brownie, wata baƙar akwati wadda ba ta fi ƙaramin burodi girma ba. Ya saye ta a 1958 wajen wani Bature mai shirin komawa gida. Ba ta da batir, ba ta da wani abin murɗawa mai wuya sai na naɗe fim. Mutum ya kan tokare ta a cikinsa, ya leƙa wata 'yar taga daga sama, ya danna. Fim ɗaya hoto takwas ya ke bayarwa, amma kowane nagatif faɗinsa santimita 6 ne, tsawonsa 9. Sabo da girman nan ba a bukatar faɗaɗa shi, sai a ɗora shi a kan takarda a haska, hoto ya fito. Kamfanin Kodak na Amurka ya fara yin Brownie tun 1900, ana sayar da ita dala ɗaya, don talaka da yara su sami abin ɗauka. Da ita aka ɗauki Inna tana amarya.

Ta biyu ita ce Instamatic, wadda Kodak ɗin ya fitar a 1963. Baba ya saye ta a 1968, shekarar da aka haife ni. Ita ce yayi a lokacin, har an ƙera fiye da miliyan 50 kafin 1970 ta ƙare. Fim ɗinta a cikin wani gidan roba ya ke zuwa, sai a jefa shi ciki a rufe, ba naɗi ba wahala. Tana da ɗan ƙwan filasha mai fuska huɗu, in ya haska sau huɗu a yar. Da Baba ya same ta sai ya yi wa Brownie ritaya. Amma fa nagatif ɗinta ƙanƙane ne, ko wane gefe bai kai santimita 3 ba, gilashinta kuma na araha ne. Hotunanmu na yarinta duk a dushe su ke, kamar an ɗauke mu cikin hazo. Masu kala kuwa sun koma ja wur, sai ka ce an tsoma su a zoɓo. Wannan jan ba laifin kyamara ba ne, rinin takardar kala ta zamanin ne ba ya jure zafi da haske, alhali hoton baƙi da fari da ƙwayoyin azurfa a ke yinsa, shi ya sa ya ke daɗewa.

Ga kuma abin mamaki. Kodak ya daina yin fim ɗin Instamatic a 1999. Na Brownie, mai lamba 620, an daina shi a 1995, amma ɗan'uwansa mai lamba 120, wanda a ke yi tun 1901, har yanzu ana yinsa. Faɗinsu ɗaya, sandar naɗi ce kawai ta bambanta, mai hannu ya kan sake naɗe shi a cikin duhu ya sa wa Brownie. Ashe tsohuwar da aka yi wa ritaya ta fi amaryar da ta kore ta tsawon rai.

Ta uku ita ce Olympus Trip 35, ƙirar Japan. Baba ya saye ta da kuɗin Udoji a 1975. Mutane suna sayen babur da rediyo, Inna tana sa ran keken ɗinki, sai Baba ya shigo da kyamara. Har gobe in an tuna mata sai ta yi tsaki. Wannan kyamara an yi ta tun daga 1967 har 1984. Ƙarama ce, ta ƙarfe, tana shiga jakar hannu. Fim ɗinta shi ne mai faɗin milimita 35, hoto 36 a naɗi ɗaya, irin wanda har yau ba a daina yinsa ba. Ita ma ba ta cin batir. Akwai wani zobe mai ƙyalli kewaye da idonta, shi ke shan hasken rana ya auna mata gwargwadon buɗewar da za ta yi. Aikin mai ɗauka guda ne, ya murɗa ta zuwa ɗaya daga cikin alamu huɗu gwargwadon nisa: mutum ɗaya, mutum biyu, taro, ko duwatsu.

To, Auta tana ajin ƙarshe na sakandare. Tun ranar da aka buɗe adaka ta ɗauki Trip ta ƙi ajiyewa. Dama makarantarsu ta taɓa kai su Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, Sir Ahmadu Bello, wanda yanzu ke hannun Jami'ar Ahmadu Bello, ta ga tsofaffin hotuna a bango, ta dawo tana ta labari. Ta shiga bincike a intanet, ta gano samari da 'yan mata a ƙasashen waje sun koma ɗaukar hoto da fim, har kamfanin Pentax ya fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024. Na ce madalla, ga magajiyar Baba. Ban san inda abin zai kai mu ba.

Ran nan da la'asar sai ta ce, “Umma, na yi baƙo a zaure.” Na yafa mayafi na fita, sai ga wani ɗan gwanjo da jaka. Ya fito da wata kyamara wai ita Canon AE-1, ƙirar 1976, baƙa da fari, mai nauyi, da ƙaton ido, da igiyar rataya irin ta 'yan jarida. Ya ce in mun ba shi ukun nan na Baba, muka cika masa kuɗi, tamu ce. Da ya faɗi cikon sai gabana ya faɗi, gama daidai ya ke da kwasar adashina ta ƙarshen watan. Kuɗin nan kuwa na riga na raba su a zuciyata, katifar Inna da buhun masara kafin ta yi tsada.

Ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa, ni ma ta shiga raina. Na ɗauke ta na leƙa, na ga ƙofar zaure ta fito tas kamar a majigi. Auta kuwa sai magiya ta ke yi: “Umma, waccan ta Kaka wasan yara ce. Wannan ita ce ta ƙwararru.” Na kusa cewa na saya. Abin da ya riƙe ni shi ne Instamatic da ke kan tabarma tana kallona. Baba ma ai haka ya ji a 1968. Da dare na gaya wa Maigida, ya ce, “Kuɗinki ne, ba zan hana ki ba. Amma kada ki ba da kwabo sai masani ya duba.”

Akwai wani tsohon mai hoto a Tudun Wada, shi ya ɗauki hoton aurena a 1986. Yanzu hoton fasfo ya ke yi da kyamarar zamani, amma bai rushe ɗakinsa mai duhu na bayan shago ba, har yanzu ya kan wanke baƙi da fari in ya sami mai so. Na aika wa ɗan gwanjo mu haɗu can. Ya yarda, gama shi ma ba maha'inci ba ne, kasuwarsa ya ke yi. Washegari ni da Auta muka hau Keke, muka tsallaka bai-fas muka isa.

Tsoho ya jera kyamarorin huɗu a kan tebur, ya daɗe yana shafa Brownie yana murmushi. Sa'an nan ya ɗauki Canon, ya buɗe wata 'yar ƙofa a gabanta, ya zare batir, ya miƙa wa Auta ya ce, “Danna, jikata.” Ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Ya ce, “Kin gani? Wannan ba ta motsi sai da batir mai bolt 6, wanda ba kowane shago ke ajiye shi ba. In ya mutu a tsakiyar biki, sai ki rataye ta a wuya don ado.” Ya ɗauki Trip ya nufi ƙofa da ita, ya danna, ta ce ƙyat. Ya cusa idonta cikin hularsa ya sake dannawa, sai wani ɗan jan harshe ya taso a cikin tagar leƙe, ta ƙi ɗauka. Ya ce, “Shekara hamsin, amma ma'aunin haskenta na nan da rai. Duhun adaka ne ya tsare shi. Tana gaya miki haske bai isa ba, kada ki ɓata fim.”

Ya mayar wa Canon batir ya danna. Ta ɗauka, amma da wani kuka kamar tarin ɗan akuya. Ya ce man da ke cikinta ne ya bushe, ciwo ne sananne ga irinta, ana gyarawa, amma sai wanda ya san cikinta. Ya cire idon ya haska shi da tocila, ya kira ni in leƙa. Na ga wasu siraran zare a gefen gilashin kamar saƙar gizo-gizo. Ya ce fumfuna ce, damina ke kawo ta, in ta daɗe ta kan ci gilashi, ba ta fita. Ɗan gwanjo da kansa ya leƙa ya ce wallahi bai sani ba, na kuwa yarda da shi. Ita Trip ciwonta ɗaya ne. Soson da ke toshe haske a bakin murfinta na baya ya narke ya zama kamar kwalta. Tsoho ya kankare shi da tsinken ashana, ya liƙa baƙin ulu a gurbinsa. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na soma gyara mayafi. Sai tsoho ya ce, “Zauna, Hajiya. Ba a yanke shari'a da jin ɓangare ɗaya. Yarinyar nan ba ƙarya ta yi ba, Canon mai lafiya ta fi Trip a wurare huɗu.” Ya shiga lissafawa da yatsu. Na ɗaya, idonta ya fi faɗi, yana shan haske ninki biyu da 'yan kai, sabo da haka ta fi iya aiki a cikin ɗaki. Na biyu, ƙiftawarta ta kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, ta Trip kuwa iri biyu ce kawai, ɗaya cikin 40 da ɗaya cikin 200, don haka in dokin hawan salla ya zo a guje ita ce za ta tsayar da shi cak. Na uku, ana cire idonta a sa wani mai jawo abin da ke nesa. Na huɗu, mai ɗauka ta cikin idon kyamarar ya ke leƙe, abin da ya gani shi zai fito, kuma tana matsowa kusa da abu, alhali Trip in an matso ƙasa da kamar mita ɗaya sai hoto ya dushe.

Sa'an nan ya ce, “Amma ki sani, jikata, kyamara ɗaki ne mai duhu da taga ɗaya. Fim ɗin da za ki sa wa waccan shi za ki sa wa wannan. In da rana ne, a tsakar gida, mutum yana tsaye, aka wanke hoto girman kati, ni da na shekara hamsin a sana'ar nan ba zan iya ce miki ga wadda ta ɗauka ba.” Ni kuwa a raina sai na kwatanta abin da tukunya. Sabuwar tukunya ba ta sa miya daɗi in mai girki ba ta iya ba. Amma kuma tukunyar mutum biyar ba ta dafa tuwon biki. Abin tambaya shi ne, bikin ya zo, ko kuwa ƙyallin tukunyar ne ya ja ido?

Auta ba ta saki ba. Ta ce, “Baba, ni kitso da lalle na ke so in riƙa ɗauka, kusa da kusa.” Tsoho ya yi dariya ya ce ta tuna masa da wani babban mai hoto na ƙasar nan, J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Shi ya fara ne a 1950 da Brownie irin wannan da ke kan tebur. A 1968 ya soma bin matan Nijeriya yana ɗaukar kitsonsu, har ya tara hotuna wajen dubu, waɗanda aka yi ta nunawa a manyan biranen duniya. Ya ce, “Ƙirga ki gani, shekara goma sha takwas ke nan tsakani. Ya sake kayan aiki daga baya, ba shakka, amma idonsa ne ya riga kayan girma. Ke fim nawa kika ƙarar?” Auta ta sunkuyar da kai, gama ko ɗaya ba ta taɓa sa wa ba.

Daga nan muka shiga lissafin da ɗan gwanjo bai yi mana ba. Ba sayen doki ke da wuya ba, harawa. A shagunan da na tambaya ban sami mai sayar da fim ba, sai an yi saƙo daga Ikko. Bayan kuɗin fim ga na wanki, ga na takarda. Da tsoho ya buga mana, sai muka ga cikon da a ke nema zai sayi fim takwas har da wankinsu. Watau da na saya, da mun sami kyamarar ƙwararru wadda ba mu da abin ciyar da ita, mun kuma rabu da kayan Baba. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Na ba ɗan gwanjo haƙuri da kuɗin mota, muka rabu lafiya.

Auta ta yi fushi har muka iso gida ba ta ce uffan ba. Da dare na kira ta muka ƙulla alkawari. Na ce zan saya mata fim huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Ta sami littafi ta ja layi a tsakiya, gefe ɗaya ta rubuta “laifina,” ɗaya gefen “laifin kyamara.” Duk hoton da ya lalace a duba a rubuta shi inda ya dace. Ran da gefen kyamara ya rinjayi nata, za mu sake zama. Inna ta sami katifarta, masara ta shiga ɗaki, ragowar kuɗi ya tafi Ikko.

Fim na farko ya ƙare da hunturu. Cikin hoto 36, guda 25 sun yi kyau, 11 sun lalace. Shida ta manta ba ta murɗa alamar nisa ba. Biyu yatsanta ya tare ido. Ɗaya ta fuskanci rana. Biyu kacal ne laifin kyamara, su ne na lallen ƙawarta da ta matsa kusa. Ita da kanta ta rubuta, tana dariya tana jin kunya. Amma gaskiya ɗaya ce, ba zan rage muku ita ba: a fim na uku huɗu ne kawai suka lalace, uku daga ciki kuwa na kitso ne da lalle, laifin kyamara. Yarinya ta fara samun hujja. Na ce mata in ta gama jarrabawa, littafinta bai sake magana ba, za ta sami babba daga kwasa mai zuwa. Amma da sharaɗi uku. Ba za a ba da ta Baba musaya ba. Sai tsoho ya duba kafin a biya. Kuma a nemi irin wadda ke aiki ko ba batir, kamar Pentax K1000, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1997, batirinta na auna haske ne kawai.

Yanzu bari in gaya muku abin da kuɗin nan ya saya, wanda Canon ba za ta ba ni ba. Wata safiya da misalin ƙarfe takwas Auta ta zaunar da Inna a bakin ƙofar ɗaki, inda haske ke shigowa ta gefe. Inna ta ce ba za a ɗauke ta ba sai ta yi ɗaurin ɗankwali irin na da. Aka jira ta. Da hoton ya dawo ta kai shi har bakin hancinta ta duba, ta ce, “Wace tsohuwa ce wannan kuka sa wa ɗankwalina?” Auta ta ce, “Kishiyata ce, Hajiya.” Yanzu yana rataye kusa da na 1959, ɗaya na Brownie ɗaya na Trip, duk kayan mutum guda.

Bayan wannan, tsoho ya ce mu kawo gwangwanin nagatif ya duba. Yana ɗaga su ɗaya ɗaya a haske sai ya ware wani babba na Brownie, ya wanke mana. Wata yarinya ce 'yar kamar shekara biyar, tsaye a gindin mangwaro, da giɓi a bakinta, ta riƙe ƙugu. Ba a taɓa sa shi a albam ba. Na kai wa Inna, ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ce, “Yayarki ce. Tun tana ƙarama haka ta ke tsayuwa.” Ni da na yi asarar hotunanta na ƙarshe, sai ga shi an ba ni na farko. Ranar ban iya girkin dare ba, Auta ce ta yi.

Tun daga nan kowace la'asar su kan zauna su biyu da albam. Inna tana faɗin suna da wuri da shekara, Auta tana rubutawa a bayan hoto. Wasu fuskokin Inna ta manta, wasu idonta ba ya rabe su kuma. Waɗannan sun tafi ke nan, ba mai sanin su har abada. Da na tsaya neman kyamarar da ta fi, ina jiran a gyara tari a kankare fumfuna, da waɗanda suka ɓace sun fi haka yawa.

To, 'yan'uwa, ga 'yar shawarata ga wadda ta sami irin wannan kaya a gida. Kada ki yar, kada kuma ki ba yara su yi wasa. Fara tambayar ko ana samun fim ɗinta, da inda za a wanke. In mai batir ce, a zare batir ɗin kafin a ajiye, gama ya kan zubar da ruwa ya ci ƙarfe. Wasu tsofaffin, kamar Yashica Electro 35, batir mai zaiba aka yi musu, wanda aka daina yinsa, sai an yi dabarar wani. Da damina a fito da ita inda iska ke ratsawa sabo da fumfuna, da hunturu a rufe idonta sabo da ƙura, kada kuma a goge gilashi da bakin zane. Fim wuri mai sanyi ya ke so. Nagatif a sa shi a ambulan na takarda. Rubutu a bayan hoto da fensir a ke yi, gama tawadar biro ta kan ratsa.

Wadda ba ta da kyamara kuwa, kada ta ce sai ta saya. Waya ba abokiyar gaba ba ce, sakacina ne ya cuce ni. Yanzu Auta ta nuna mini yadda a ke ajiye kwafin hotuna a intanet, kowane ƙarshen wata kuma na kan zaɓi goma daga waya in kai a wanke mini a takarda. Wannan ya fi fim araha nesa ba kusa ba, kowa kuma na iya yi.

Ku kuma 'yan matan makaranta, ba na ce kada ku so sabon abu ba. Ni ma na so. Amma kafin ki ce wa mahaifiyarki ta hannunki ba ta da kyau, ko kyamara ce, ko keken ɗinki, ko waya, ja layin nan a littafi ki yi wata uku kina rubutawa. In kayan aiki ne ya gaza, za ki zo da hujjar da ba mai musawa. In hannu ne bai faɗa ba, kin tsirar da kuɗin adashi. In kuma akwai tsohuwa a gidanku, ki ɗauke ta gobe da safe da abin da ke hannunki, ki tambaye ta sunayen mutanen da ke cikin albam tun tana iya gani.

Wadda ke da labarin tsohon hoto a gidansu ta rubuto wa Edita, mu ma mu ƙaru. Ni dai zan tashi, na ji Inna tana kiran Auta, sun iso shafin bikin ƙanwar Baba a Zariya, an ce akwai gardama a kan wadda ke tsaye ta uku daga hagu.

Haza wassalam.

Taku, Uwar Auta, Kinkinau, Kaduna.